Ƙaiƙayi da Raɗaɗi: Yadda Jiki Ke Bambance Su

A Hausa, suna ɗaya ake kiran ƙaiƙayin hatsi da ƙaiƙayin fata, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masheƙiya ya san dangantakarsu. Su kuwa masana kimiyya, da raɗaɗi suka daɗe suna danganta ƙaiƙayi. A shekarar 1922, Max von Frey ya bayyana shi a matsayin raɗaɗin da bai yi ƙarfi ba. Binciken baya-bayan nan ya rushe wannan fahimta.

A 1997, Martin Schmelz da abokan aikinsa sun gano wasu siraran jijiyoyi a fatar ɗan Adam waɗanda sinadarin histamin ke tayarwa, wato sinadarin da jiki ke saki bayan cizon sauro. A 2007 kuma, Zhou-Feng Chen na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka ya nuna rawar da wani furotin mai suna GRPR ke takawa a lakar gadon baya. Da aka kashe ƙwayoyin jijiyar da ke ɗauke da shi a jikin ɓeraye, sai susarsu ta ragu matuƙa, alhali suna jin raɗaɗi yadda suka saba. Ke nan, ƙaiƙayi yana da tasa hanyar zuwa ƙwaƙwalwa.

Sai dai hanyoyin biyu suna haɗuwa a laka, inda raɗaɗi ke danne ƙaiƙayi. Susa ɗan raɗaɗi ce da mutum ke jawo wa kansa, wanda ke toshe saƙon ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Mofin kuwa, da ke kashe raɗaɗi, kan haddasa ƙaiƙayi. Haka nan, raɗaɗin susa yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin serotonin, wanda gwajin ɓeraye ya nuna yana ƙara rura ƙaiƙayin. Daga nan sai susa ta kira susa har fata ta ɗaye.

Ba kowane ƙaiƙayi ne ke bin hanyar histamin ba. Gashin ƙarara da maganin zazzaɓi kulorokwin, wanda ya yi ƙaurin suna wajen sa baƙar fata ƙaiƙayi, wasu kafofin suke bi. Wannan ne dalilin da ya sa magungunan hana aikin histamin ba su cika amfanar masu ƙaiƙayin ciwon ƙoda ko na hanta ba, waɗanda kan kwana suna susa. Sauƙinsu ya rataya ne a kan gano ainihin hanyar da ƙaiƙayin nasu ya biyo.