MAIGATARI, GARIN BAKIN IYAKA

Yau za mu yi karatu a kan Maigatari. Garin yana cikin ƙasar Sarkin Gumel, a Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Daga Gumel in mun nufi arewa, tafiyar kilomita kamar 20 ce. Da mun wuce garin kaɗan, sai mu shiga ƙasar Nijar, wajen Damagaram.

Sunan garin kalma biyu ne, mai da gatari, watau mutumin da ke da gatari. Haka Hausawa su kan sa wa gari suna, da laƙabin mutum, ko da abin da aka tarar a wurin. Ga Mai'aduwa ta ƙasar Daura, ga Rimi ta ƙasar Katsina, ga kuma Dutse. Gatari kuwa da shi a ke sare daji, a yi gona, a kafa gari.

Ƙasar Maigatari jigawa ce, rairayi ya yi yawa. Damina gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu. Saboda haka manoma su kan shuka abin da ba ya son ruwa da yawa: gero, da wake, da gyaɗa, da riɗi, da zoɓo. Hausawa da Mangawa da Fulani su ne mazauna wurin.

Ran Alhamis kasuwa ke ci. Kasuwar dabbobinta ta yi suna ƙwarai. Buzaye da Fulani su kan koro raƙuma da shanu da tumaki da awaki daga Nijar. Fatake su saya, su loda a manyan motoci zuwa Kudu. Masu dabbobi kuma su sayi hatsi da tufafi, su koma gida. A nan naira da sefa ke haɗuwa, 'yan canji na tsakani. Dillali, da ɗan dako, da mai tuwo, kowa na samun abin sa wa a baka.

To, wa ya ja wannan iyaka? Turawan Ingila da na Faransa ne. Sun yi yarjejeniya a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, sa'an nan aka bi daji ana kafa alamu. Ba su tambayi mutanen wurin ba. Shi ya sa har yau za ka ga wa a Nijeriya, ƙane a Nijar. Ana auratayya, ana zuwa suna da jana'iza.

In an rufe iyaka, talaka ke shan wuya. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulki a Nijar, aka buɗe a Maris 2024. Duk lokacin da aka rufe, ciniki ya kan ja baya, dillali da ɗan dako su rasa aiki.

Akwai wata barazana kuma, ita ce hamada. In aka sare itatuwa, iska ta kwashe ƙasar gona, rairayi ya binne shuka. Hamada ba ta san iyaka ba. Gatarin da ya kafa gari, in ba a kula ba, shi zai tashe shi. Don haka in mun sare itace ɗaya, mu dasa biyu. Mu bar gawo a gonakinmu, gama ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi.

TAMBAYOYI

1. A ƙasar wane sarki Maigatari ta ke?
2. Wace rana kasuwarta ke ci?
3. Su wa suka ja iyaka?
4. Daga ina sunan garinku ya samo asali? Ku tambayi dattawa.