Alhaki Kwikwiyo Ne: Darasi Daga Tsibirin Agatha Christie

Duk wanda ya saba da littattafan Agatha Christie, marubuciyar nan ta Ingila da ta rasu a 1976, ya san salonta. A yi kisa, masu bincike irin su Hercule Poirot ko Miss Marple su bi sawu, a ƙarshe a tara kowa a tona asirin mai laifi. Da wannan zato na buɗe And Then There Were None, wanda ya fito a 1939. Ashe a wannan karon babu mai zuwa ceto.

Mutum goma ne suka haɗu a wani gida da ke tsibiri a gaɓar Devon, baƙi takwas da masu hidima biyu. Maigidan da ya gayyace su bai bayyana ba. Bayan cin abincin dare sai faifan garmaho ya kama kiran sunayensu, yana faɗin ran da kowanne ya salwantar. Jirgin ruwan da ya kawo su bai dawo ba. Daga nan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya mutu sai a ga ɗaya daga cikin 'yan gumaka goma na kan tebur ya ɓace.

Abin da ya hana ni barci shi ne irin laifuffukan. Likita Armstrong ya yi wa wata mata tiyata a buge, ta mutu. Emily Brent, mai ji da kanta a addini, ta kori 'yar aikinta da ta yi ciki, yarinyar ta faɗa ruwa. Janar Macarthur ya tura masoyin matarsa bakin daga don kada ya dawo. Vera Claythorne ta bar yaron da take raino ya yi iyo inda ta san ba zai kai ba. Duk cikinsu babu wanda kotu ta iya kamawa, kowa ya ci gaba da yawo da rigar mutunci.

A nan gwanintar Christie take. Tana sa mai karatu fargabar wa zai bi, amma a hankali sai ka lura cewa tun kafin makashin ya iso, zuciyar kowannensu ta riga ta fara cin sa. Wani ya yi ta musu, wani ya saduda yana jiran ajali.

Ba zan faɗi makashin ba, kada in ɓata wa mai niyyar karantawa. Sai dai a riƙe abu biyu. Tsira daga hannun alƙali ba ya wanke mutum, domin alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wanda kuma ya naɗa kansa alƙali, ya yanke hukunci ya zartar da hannunsa, shi ma ya shiga sahun waɗanda yake hukuntawa.