Ko Ka Sani? Rumfar Ozon da Gas ɗin Firiji

Ozon iska ce dangin oksijin ɗin da ake shaƙa. Bambancinsu shi ne ƙwayar oksijin tana tafe da zarra biyu, ta ozon kuwa uku. Mafi yawanta tana tattare ne a sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa, inda ta yi wa duniya rumfa. Masana biyu 'yan Faransa, Charles Fabry da Henri Buisson, su suka gano rumfar a 1913.

Rumfar ba ta da kauri ko kaɗan. Da za a tattaro ozon ɗin duka a sauko da shi ƙasa, kaurinsa ba zai wuce milimita 3 ba. Amma wannan ɗan abin shi ke shanye mafi yawan hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, mai haddasa sankarar fata da yanar ido, mai kuma yi wa amfanin gona da ƙananan halittun teku illa.

Abin da ya so ya rushe ta daga cikin gidaje ya fito. Tun wajen 1930 ake ɗura wa firiji sinadarin CFC, daga baya aka sa shi a na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanayen feshi. An yi na'am da shi domin ba ya kama wuta, ba ya kuma da guba. Sai dai ba ya lalacewa da wuri: idan ya tsiyaye, yakan yi shekaru yana hawa har ya isa rumfar. A can hasken UV ke fasa shi, sinadarin kulorin ya fita, kuma zarrar kulorin guda takan wargaza dubban ƙwayoyin ozon kafin ta gushe.

Masana Mario Molina da Sherwood Rowland sun yi gargaɗi kan wannan haɗari a 1974, kamfanoni suka musanta. Sai a 1985 masanan Birtaniya da ke aiki a Antaktika suka bayyana cewa ozon ɗin saman yankin yana raguwa ƙwarai duk wajen watan Oktoba. Wannan ne ake kira ramin ozon, ko da yake ba huda ba ce, sirancewa ce.

Ranar 16 ga Satumba, 1987, aka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Montiriyal a Kanada don taƙaita amfani da CFC, wadda duk ƙasashen duniya suka shiga daga baya. Da wuya a sami wata yarjejeniyar muhalli da ta yi nasara kamarta. Ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya da Nijar, an ba su wa'adin 2010 su daina amfani da CFC, shi ya sa gas ɗin R12, nau'in CFC da masu gyaran firiji suka saba da shi, ya yi wuyar samu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna rumfar tana farfaɗowa, kuma ana sa ran ta saman Antaktika za ta koma yadda take a 1980 wajen shekarar 2066.