Lauyan Marasa Hali a Dokokin Amurka

A shekarar 1961 aka gurfanar da Clarence Gideon a gaban wata kotu a jihar Filorida, ana zargin ya fasa wani gidan wasa ya yi sata. Ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. Ya roƙi alƙali ya ba shi, alƙali ya ƙi, aka ɗaure shi shekara 5. Daga kurkuku ya rubuta ƙara da fensir zuwa Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 1963 cewa wajibi ne jiha ta samar wa talaka lauya idan ana tuhumarsa da babban laifi. Da aka sake shari'ar, da lauya a gefensa, sai aka wanke shi.

Ɗalibi ya lura a nan: in Bahaushe ya ce "lauyan gwamnati", mai gabatar da ƙara yake nufi. Wannan kuwa gwamnati ce ke biyan sa, amma wanda ake tuhuma yake karewa. Shi ya sa muka ce "lauyan marasa hali".

Yara sun sami wannan haƙƙi a 1967, a shari'ar Gerald Gault, ɗan shekara 15 a jihar Arizona. Saboda zargin kiran maƙwabciya a waya da maganar batsa aka tura shi gidan horo har sai ya kai 21, alhali babba bai wuce ɗaurin wata 2 ba.

To amma kotu haƙƙi ta bayar, ba kuɗi ba. Ɗauki jihar Mishigan. Shekara da shekaru gundumominta 83 kowace na cin gashin kanta, kuma a wurare da dama alƙali ne ke zaɓen lauya, shi ne kuma ke amincewa da ladansa. Lauyan da abincinsa ke hannun alƙali, da wane baki zai yi masa gardama? A 2013 majalisar jihar ta yi doka ta kafa hukuma mai shimfiɗa ƙa'idoji, jiha kuma ta ɗauki nauyin kuɗin cika su. Daga cikinsu akwai cewa lauya ya gana da wanda ke tsare cikin kwana 3 na aiki, ya kuma kasance tare da shi tun zaman farko. A 2020 aka ƙara ƙa'idar cire hannun alƙalai daga zaɓen lauya.

Sai dai dokar 2013 ga manya ta tsaya. Waɗanda ake kaiwa kotun yara, irin su Gault, ta bar su a hannun gundumomi.