RANAR DA HAYAƘI YA RUFE BIRNIN NEW YORK

Yau filin namu zai ɗan ajiye zancen lalle da kwalliya, mu leƙa ƙasar Kanada, ƙasar da idan aka ambace ta ba abin da ke zuwa ran mutum sai ƙanƙara da rigar sanyi.

To, ke dai bari 'yar uwa! A ranar 29 ga Yuni, 2021, wani ƙauye mai suna Lytton a yammacin Kanada ya ga zafin da ya kai digiri 49.6, irin wanda ko Sakkwato ba ta saba gani ba. Washegari wuta ta tashi ta cinye kusan duk ƙauyen. Mutane suka fice da kayan jikinsu kawai.

Ashe somin taɓi ne. A shekarar 2023 gobarar daji ta ci kimanin hekta miliyan 15 a ƙasar, wato faɗin jihar Kano har sau bakwai. Zafi da ƙarancin ruwa sun busar da dazuzzuka ƙayau, da tsawa ta faɗo sai wuta. A watan Agusta aka kwashe mutanen garin Yellowknife, kusan mutum 20,000.

Abin al'ajabin shi ne hayaƙin. Iska ta kwaso shi daga lardin Kwibek ta sauke a birnin New York na Amurka. Ranar 7 ga Yuni, da tsakar rana, sararin sama ya koma kalar ruwan lemo, rana ta yi ja kamar garwashi. Jiragen sama suka yi jinkirin tashi, makarantu suka hana yara wasa a waje, jama'a suka koma ɗaura takunkumi. Mu da muka san hazon hunturu za mu ce me ye abin tsoro? Ai wannan ba ƙurar Sahara ba ce, ƙonannen itace ne mai wari, ga ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, masu ratsa huhu har su shiga jini.

Masana sun ce hayaƙin masana'antu da na motoci da sare itatuwa su ke ɗumama duniya, shi ya sa zafi ke ƙara tsanani. Kada ki ce can su ƙarata. Hausawa na cewa idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A aikin Hajjin shekarar 2024 alhazai sama da 1,300 suka rasu, akasari saboda zafi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Yanzu mu dawo gida. Wa ke tsugunawa gaban murhu da rana tsaka, hayaƙi na shiga ido, ga ƙani a goye? Mu ne. Irin ɓurɓushin da ya firgita mutanen New York kwana biyu, shi muke shaƙa kullum a madafa. Don Allah ki riƙa girki inda iska ke ratsawa, ki sa busasshen itace, ki sauke jariri nesa da hayaƙi. Ki daina ƙona leda don hura wuta, musamman idan akwai mai asma ko mai juna biyu a gidan.

In za ki makaranta lokacin bazara, ki tafi da gorar ruwa, kada ki jira sai ƙishirwa ta kama ki. Hijabi mai sauƙi mai hasken launi ya fi baƙi mai kauri. Idan kika ga Kaka ko ƙanwarki tana jiri, jikinta ya yi zafi rau, maganarta ta rikice, ki kai ta inuwa, ki jiƙa mata jiki da ruwa, a yi mata fifita, a garzaya asibiti. Wannan ba aljanu ba ne, kin ji?

Sannan ko bishiyar darbejiya ɗaya ce ki dasa a ƙofar gida. Wata rana 'ya'yanki za su sha inuwarta su sa miki albarka.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.