Safiyon Ƙarƙashin Ruwa: Daga Kogin Binuwai Zuwa Teku

Ruwan saman da ya sauka a unguwar Bukan Sidi da ke Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, yakan bi kwatami da rafuka ya gangara kudu har ya faɗa kogin Binuwai. A Lokoja sai ya haɗu da kogin Kwara, su zarce tare zuwa teku. Yakan tafi da yashi da laka waɗanda ya kwaso daga gonaki, ya riƙa zubar da su a hanya. Wannan shi ne dalilin da ya sa gindin kogi da na bakin teku ba sa zama yadda suke, kuma shi ya sa tilas a riƙa auna su.

Aikin nan shi ake kira safiyon ƙarƙashin ruwa, watau auna zurfin ruwa da siffar ƙasar da ke ƙarƙashinsa, a gano inda duwatsu da tudun yashi da nutsattsun jirage suke, sa'an nan a zana duka a taswira. A zamanin da, igiya ake ɗaura wa darma a zura, kamar dai yadda mai fito yake gwada ruwa da gorarsa. Yanzu kuwa na'ura ce a gindin jirgi take aika sauti ƙasa, ta jira amsa-kuwwa. Sauti yana cin kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa. Idan ya je ya komo cikin daƙiƙa 2, zurfin wurin mita 1,500 ke nan. Da yake ruwa yana cika yana ja da baya, akan rubuta zurfin ne bisa ga lokacin da ya fi ƙaranci, domin kada taswira ta yaudari matuƙi.

Binuwai ta daɗe da sanin masu awo. A 1854 Dokta Baikie ya hau ta da jirgin Pleiad, aka zana hanyar da suka bi. Bayan kimanin shekara ɗari, gwamnati ta ɗauko wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO ya nazarci Kwara da Binuwai, rahotonsa ya fito a 1959. A wancan zamani jiragen kaya sukan kai har Garwa ta ƙasar Kamaru da damina. Amma taswirar kogi ba ta tsufa da daraja kamar takardar gona. Tudun yashin da ke hagu bana, baɗi yana iya komawa dama, balle ma tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, wadda ta sauya yadda ruwa ke zuwa. Ambaliyar 2012 da ta 2022 kuma sun kwashe yashi mai yawa daga wani wuri zuwa wani. A ganinmu, yashe kogi ba tare da sabon awo ba ɓarnar kuɗin jama'a ce, domin mai yasa bai san inda zai haƙa ba.

Alhakin hanyoyin ruwa na cikin ƙasa yana wuyan hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta tana Lokoja. A teku kuwa, ƙwararrun Rundunar Sojojin Ruwa sun daɗe suna wannan aiki, kuma a 2021 rundunar ta karɓi sabon jirgin safiyo mai suna NNS Lana, wanda aka ƙera a Faransa. Nijeriya tana cikin Ƙungiyar Safiyon Ruwa ta Duniya, mai mazauni a Monako, wadda ke tsara ƙa'idojin zana taswira don matuƙin kowace ƙasa ya iya karantawa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan manomin doya da riɗi da taswirar teku? Takin zamani da injuna da yawancin kayan da ake shigowa da su ta tashoshin Ikko da Fatakwal suke biyowa, riɗin da ake fitarwa ma haka. Jirgin da ya kafe a kan yashi a bakin tasha yakan toshe hanya, kuɗin dakon kaya ya tashi. Idan mai ɗauke da man fetur ne ya ci karo da dutse, man ya malala ya kashe kifi da itatuwan bakin ruwa inda kifayen ke hayayyafa.

Ban da wannan, tun 1978 doka ta ba Nijeriya ikon cin moriyar albarkatun teku har nisan mil 200 na teku daga gaɓa. Ba a iya tsare dukiyar da ba a san iyakarta ba. Da taswira ake keɓe wuraren da ba a yarda manyan jiragen kamun kifi su ja koma ba, da ita ake zaɓen inda za a shimfiɗa bututun mai da wayoyin sadarwa. Idan kuma aka gwada awon bana da na shekara goma da suka wuce, sai a ga yawan ƙasar da teku ya ci a gaɓa, da yawan lakar da Kwara da Binuwai suka sauke a bakinsa.