Wasannin Dangi: Yadda Daula, Harshe da Addini Suka Gina Filayen Gasa

Ɗan tsere daga Kamaru, in Allah ya hore masa ƙafa, zai iya shiga manyan gasanni huɗu cikin 'yan shekaru ba tare da ya taka filin Olamfik ba. Zai je wasannin ƙasashe renon Ingila, domin ƙasarsa ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 1995. Zai je na masu magana da Faransanci. Zai je na zumuncin ƙasashen Musulmi, tunda Kamaru tana cikin ƙungiyar OIC, sannan ga wasannin Afirka suna jiran sa. Tutar da yake ɗauka ɗaya ce, amma a kowane fili dangin da ake lissafa shi da su daban ne.

Olamfik kowa take kira. Waɗannan gasanni kuwa sai wanda ke cikin dangi, ko dangin daula ne, ko na harshe, ko na addini, ko na maƙwabtaka. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma da wannan tunani aka kafa su: a riƙa haɗuwa duk bayan 'yan shekaru don kada a manta da juna. Sai dai tarihinsu ya nuna cewa a wajen irin wannan haɗuwa ne tsohuwar rigima take fitowa fili, musamman rigimar wa ya cancanci zama a ciki.

Wadda ta fi shahara a cikinsu, gasar Commonwealth, an fara ta ne a birnin Hamilton na ƙasar Kanada a 1930. Wani ɗan jarida mai suna Bobby Robinson ne ya tsaya kai da fata har aka yi. Lokacin tattalin arzikin duniya ya durƙushe, ƙasashe suna ƙorafin kuɗin jirgin ruwa, sai hukumar birnin ta ba da dala 30,000 don tallafa wa baƙi. Ƙasashe 11 suka zo da 'yan wasa kimanin 400. Babu ƙauyen 'yan wasa irin na yau. A azuzuwan wata makaranta da ke kusa da filin aka jera wa maza gadaje. Mata kuwa wasannin ruwa kaɗai aka bari su shiga. Sunan gasar a lokacin shi ne Wasannin Daular Birtaniya, kuma ba a ɓoye manufar ba: a nuna cewa 'ya'yan daular tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya.

Maɗaurin bai daɗe ba ya fara sassautawa. An tsara yin gasa ta biyu a Johanasbag a 1934, amma aka mayar da ita Landan saboda fargabar yadda Afirka ta Kudu za ta karɓi 'yan wasa baƙaƙe da 'yan Asiya.

Najeriya ta fara zuwa a 1950 a Auckland, inda Josiah Majekodunmi ya samo azurfa a tsallen sama. Bayan shekara huɗu, a Vancouver, wani matashi mai suna Emmanuel Ifeajuna ya tsallake mita 2.03 ya ɗauki zinare. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinare a babbar gasar duniya, kuma hotonsa ya daɗe a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. A Arewa dai ba da tsalle ake tuna sunan ba. Ifeajuna ya shiga soja, ya zama ɗaya daga cikin jagororin juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda a cikinsa aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Shi ma harbe shi aka yi a Biyafara a 1967.

Yayin da ƙasashe ke karɓar 'yanci, sunan gasar ya yi ta canzawa. An cire kalmar daula a 1970, aka cire Birtaniya a 1978. Waɗanda aka gayyato don su yi wa daula ado sai suka mayar da filin makami. Gwamnatin Obasanjo ta hana 'yan wasan Najeriya zuwa Edmonton a 1978, saboda New Zealand tana buga zari-ruga da Afirka ta Kudu ta masu wariyar launin fata. Babbar girgiza ta zo a 1986 a Edinburgh, lokacin da Margaret Thatcher ta ƙi amincewa a ƙaƙaba wa gwamnatin wariya takunkumin tattalin arziki. Ƙasashe 32 daga cikin 59 suka ƙaurace, akasarinsu daga Afirka da Asiya da yankin Karibiyan. 'Yan wasan Bermuda har sun yi faretin buɗe taro kafin umarni ya zo musu daga gida cewa su tattara kayansu. Ita ma Najeriya ta ɗanɗana zama a waje: an dakatar da ita daga ƙungiyar Commonwealth a 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa, don haka ba ta je Kuala Lumpur a 1998 ba.

Wasu al'ummomin ba su da daula, sai buri. Yahudawa sun fara gasar Makabiya a Tel Abib a 1932, shekara 16 kafin a kafa Isra'ila, kuma matasa ne a kan babura suka zagaya biranen Turai suna shelar ta. A zagaye na biyu, a 1935, da yawa daga cikin waɗanda suka zo da sunan wasa ba su koma ba. Hanya ce ta kauce wa dokar Birtaniya da ta taƙaita ƙaura zuwa Falasɗinu. Larabawa kuma sun buɗe tasu gasar a Iskandariyya a 1953 ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, amma yaƙe-yaƙe da saɓanin gwamnatoci sun sa an sha tsallake lokacinta.

Wanda ya fi kowa fitowa fili da siyasar abin shi ne Shugaba Sukarno na Indunusiya. A wasannin Asiya na 1962 a Jakarta, gwamnatinsa ta hana 'yan wasan Isra'ila da na Taiwan takardar shiga ƙasa. Kwamitin Olamfik na duniya ya dakatar da Indunusiya. Maimakon ya ba da haƙuri, Sukarno ya kafa tasa gasar, GANEFO, ta ƙasashe masu tasowa da ke adawa da mulkin mallaka. An yi ta a Nuwamban 1963 da wakilan ƙasashe kusan 50, Sin ce kan gaba wajen ba da kuɗi da kwashe lambobi. Amma ƙasashe da dama sun ƙi tura gwanayensu, don tsoron kada a hana su zuwa Olamfik ta Tokyo. Da mulkin Sukarno ya faɗi, gasar ta bi shi.

A Afirka, tun a shekarun 1920 aka so shirya gasar nahiya, a Aljas a 1925 da Iskandariyya a 1929. Turawan mulki suka murƙushe shirin, don ba su ga alheri a taron matasan ƙasashen da suke mulka ba. Abin dariya, Faransa ce daga baya ta share hanyar ba da niyya ba. Ta shirya wa ƙasashen da ta rena gasa a Antananaribo a 1960, aka sake yi a Abijan a 1961 da Dakar a 1963 da sunan Wasannin Abota, aka fara gayyato masu magana da Ingilishi. Daga nan 'yan Afirka suka karɓi ragama, suka yi Wasannin Afirka na farko a Barazabil a 1965. Legas ta karɓi na biyu a 1973, Abuja ta karɓi na takwas a 2003.

Wasannin masu magana da Faransanci na yanzu an fara su ne a Maroko a 1989, kuma suna da abin da sauran ba su da shi. Ban da gudu da dambe da ƙwallo, ana ba da lambar zinare a waƙa, da rawa, da zane, da sassaƙa, da ɗaukar hoto, har da tatsuniya. Mai ba da labari yana hawa dandamalin karɓar lamba kamar yadda ɗan tsere ke hawa.

Yamai ta karɓi baƙuncinsu daga 7 zuwa 17 ga Disamban 2005, zamanin Shugaba Tandja Mamadou. Zaɓen birnin yana da tushe, domin a nan ne aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta haifi ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci a ranar 20 ga Maris 1970, da Diori Hamani a sahun iyayenta tare da Senghor na Senegal da Bourguiba na Tunisiya. An yi bikin buɗewa a filin wasa na Seyni Kountché, aka gina rukunin gidajen baƙi da aka sa wa sunan taron, aka kuma ba kokawar gargajiya fili, wasan da ya fi kowane farin jini a ƙasar. Amma shekarar ta yi wa Nijar nauyi. Fari da farin ɗango na 2004 sun jawo ƙarancin abinci mai tsanani a yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma ba a rasa masu tambayar ko lokacin biki ne ba. Kusan shekara 20 bayan haka, a Maris ɗin 2025, gwamnatin soja ta fitar da Nijar daga ƙungiyar da aka haifa a babban birninta. Sabon kundin da ta kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

A wannan shekara ta 2005 ne kuma, cikin Afrilu, Saudiyya ta buɗe Wasannin Zumuncin Musulunci na farko a Makka da Madina da Jidda da Ɗa'if. Maza zalla ne suka fafata. Iran kuwa ta riga ta fara gasar mata Musulmi tun 1993 a Tehran, bisa jagorancin Faezeh Hashemi, 'yar Shugaba Rafsanjani. A can ana rufe zauren ga maza, alƙalai da 'yan kallo duk mata ne, don 'yan wasa su sake. Zagaye na biyu na wasannin zumuncin an ba Iran, amma aka soke shi a farkon 2010. Dalilin? Iran ta rubuta Tekun Fasha a tambarin gasar da lambobin yabo, ƙasashen Larabawa suka ce ba su san wannan suna ba. Sai a 2013 aka farfaɗo a Palembang ta Indunusiya, wannan karon har da mata, sannan Baku a 2017, Konya a 2022, da Riyad a 2025.

Mai karatu zai iya cewa to ina amfanin gasar da rabinta rigima ce? Amfanin yana wajen ɗan wasa. Shiga Olamfik na da ƙa'idoji masu tsauri, kuma ƙasa mai ƙaramin ƙarfi takan je ta dawo hannu rabbana. A waɗannan filaye ne matashi ke fara jin an buga taken ƙasarsa saboda shi. A nan Filbert Bayi na Tanzaniya ya kafa tarihin duniya a tseren mita 1,500 a Christchurch a 1974. A Birmingham a 2022, duk zinaren da Najeriya ta samu mata ne suka ciyo shi, cikinsu har da Tobi Amusan a gudun tsallake shinge. Ƙofar dangin ma ta faɗaɗa har ta wuce asalinta: Mozambik da Ruwanda da Gabon da Togo duk sun shiga Commonwealth, alhali ba renon Ingila ake lissafa su ba.

Abin da ke barazana ga gasannin a yau ba ƙauracewa ba ne, kuɗi ne. Wasannin masu magana da harshen Fotugal, da aka fara a Macau a 2006, sau uku kacal aka yi su. An ƙwace gasar Commonwealth ta 2022 daga hannun Durban saboda ta kasa cika sharuɗɗa, da ita ce za ta zama ta farko a Afirka. A Yulin 2023 jihar Victoria ta Ostireliya ta janye daga karɓar ta 2026, tana cewa kuɗin ya haura dalar ƙasar biliyan 6. Glasgow ce ta ceci lamarin, bisa sharaɗin a rage wasannin zuwa 10 a kuma yi amfani da filayen da ake da su. Masu arziki suna gudu, amma Abuja sau biyu tana miƙa hannu don karɓar gasar Commonwealth. A 2007, da Janar Yakubu Gowon a gaban tawagarta, Glasgow ta kayar da ita da ƙuri'a 47 da 24. Ta sake nema don gasar cika shekara 100 da za a yi a 2030, a Nuwamban 2025 aka ba birnin Ahmedabad na Indiya.